Na haɗa jadawalin baƙaƙe don haddace lambobi, amma saurina ya ƙi ƙaruwa

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna amfani da dabarar mayar da lambobi zuwa kalmomi.

Kimiyyar sinadarai nake karanta, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne lambobin da ba ni da inda zan kama su: lambar atom ta sinadarai 118, da lambobi irin na gudun haske, da shekarun da aka gano abubuwa. Na samu tsarin nan da ake kira Major, wanda kowace lamba daga 0 zuwa 9 take da baƙinta, wasula kuma ba a lissafa su. Na daidaita shi da sautukan Hausa: 0 ita ce s, z da ts, 1 ita ce t, d da ɗ, 2 n ce, 3 m ce, 4 r ce, 5 l ce, 6 ita ce j, c da sh, 7 ita ce k, ƙ da g, 8 f ce, 9 ita ce b da ɓ. Su w, y da h na bar su ba lamba.

Wasu kalmomin da kansu suka zo. Doki 17, kada 71, zaki 07, kaza 70, mota 31, keke 77, lauje 56, ɓera 94. Ranar da na ga haka na ji daɗi ƙwarai, don na ɗauka an gama.

To amma ga inda na tsaya. Layin 20, layin 50 da layin 80 duk ramuka ne, na rasa kalmar da zan sa wa 26, 27, 54 da 89. Sannan ko a lambobin da nake da kalmarsu, in na ga 46 sai na tsaya ina cewa r, j, kafin rijiya ta faɗo mini, kuma a lokacin da nake wannan da na riga na karanta lambar sau biyar da baki. In na ƙulla labari da hotunan, yau ina da shi, bayan kwana biyu tsakiyarsa ta ɓace, abin da ke bayanta ma ya bi ta.

Shin in ci gaba da wannan, ko in koma tsarin da ake ba kowace lamba mutum? Kuma waɗanda suka yi nisa, da gaske akwai lokacin da hoton yake zuwa ba tare da an harhaɗa baƙaƙe ba?

Malam Mai Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kar ki jefar da jadawalinki, ginin da kika yi daidai ne. Kusan wannan rabon sautukan ne Aimé Paris ya tsayar a Faransa a shekarun 1820, bayan wasu sun yi ta gwada nasu tun daga Pierre Hérigone a 1634. Sauti ake bi ba rubutu ba, shi ya sa tsarin yake shiga kowane harshe in an yi masa ɗan gyara, kuma gyaran ne ya rage miki.

Ramukan nan suna cikewa da sauƙi. Tunda wasali ba shi da lamba, kalma tana iya farawa da shi: inji 26 ne, inabi 29, allura 54. Sannan ki ba h gida a 8. A baki kusa take da f, har masu magana da yawa suna musanya su, wani ya ce tafi wani ya ce tahi. Da kin yi haka layin 80 ya buɗe: hannu 82, hula 85, huhu 88, haɓa 89. Sai dai ki koma ki duba kalmomin da kika riga kika zaɓa, duk wadda ke da h a cikinta yanzu lambarta ta canza. Abu na gaba, tunda bibbiyu kike karanta lambobi, ki yanke cewa baƙaƙe biyun farko kaɗai ake lissafawa, sauran rakiya suka yi. Nan take ungulu ta zama 27, manomi 32, mafici 38, jirgi 64, kujera 76.

Wajen zaɓe ki tsaya kan abin da ido ke gani kuma hannu ke taɓawa. Launi 52 ne a lissafi, laifi 58, amma ba za su zauna miki ba, don ba su da siffa. Kuma kowace lamba hoto ɗaya tak. Kura da kare duk 74 ne, ki ɗauki ɗaya ki sallami ɗayan har abada. In yau kura gobe kare, saurin da kike nema ba zai zo ba.

Maganar sauri ita ce ainihin tambayarki, kuma amsarta e, lokacin yana zuwa. Kamar koyon karatu ne: yaro yana fara da harhaɗa baƙi da wasali, daga baya ya ga kalma gaba ɗayanta. Baƙaƙen nan aikinsu shi ne su taimake ki gina jadawalin, su kuma cece ki ranar da hoto ya kuɓuce. Wajen aiki na yau da kullum 46 rijiya ce kawai. Abin da ke kai mutum can shi ne horo na dabam, wanda ba a haddace komai a cikinsa. Ki yanka ƙananan katuna ɗari, lamba a gaba, kalma a baya. Ki ɗauki goma, ki gauraya su, ki yi ta juyawa har hoton ya riga bakinki. Sai ki juya su ta baya, ki ga kalma ki faɗi lamba, don wajen tunowa ta wannan hanyar za ki bi. In goman sun zauna ki ƙara goma, ki gauraya da na farko. Kar ki taɓa bin su a jere, 40, 41, 42, don jeren ne za ki haddace, ranar da 46 ta zo ita kaɗai ki rasa ta. Ni lambar mota da agogon waya na mayar wurin horona: in na ga 17:31, doki ne ya hau mota.

Akwai dalilin da ya sa wannan wahalar take biyan kanta. Abin da mutum ke iya riƙewa a ka na ɗan lokaci kaɗan ne. Masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya ce wajen guda bakwai a 1956, Nelson Cowan kuma a 2001 ya ce ya fi kusa da huɗu. Alan Baddeley da abokan aikinsa sun nuna a 1975 cewa tsawon kalma yana da tasiri: mutum yana riƙe abin da zai iya furtawa cikin daƙiƙa biyu ko kusa da haka. Sunayen lambobinmu daga ɗaya zuwa tara duk gaɓa biyu ne, sifili uku. "Arba'in da shida" gaɓa shida ce, rijiya uku, kuma ita abu ɗaya ce da ake gani. Lambobi ashirin sun koma hotuna goma.

Labarin da ke tsinke miki kuwa, haka labari yake, kowane hoto a jikin na gabansa yake rataye, ɗaya ya faɗi sauran su bi shi. Maganinsa ajiye hotuna a wurare. Dabarar ta tsufa ƙwarai. Marubucin tsohuwar Roma Sisero ya kawo labarin mawaƙin Girka Simonidis, wanda rufin ɗakin walima ya rufta bayan fitarsa, ya iya faɗin sunayen mamatan saboda ya tuna inda kowa ya zauna. Ki ɗauki gidan da kika sani sosai, ki zaɓi wurare a jere yadda ƙafa za ta bi su, ki sa hotuna biyu a kowane wuri, na farko shi ne mai aikatawa ko wanda ke sama.

Ga misali da lambobi ashirin na farko bayan ɗigo a lambar pi, wadda ake lissafin da'ira da ita: 14 15 92 65 35 89 79 32 38 46. A ƙofa, taru ne ya lulluɓe tulu. A kan kujerar falo, ɓauna ce zaune tana kaɗa jela har tana zubar da kaya. A taga, molo ne ya daki haɓar wani. A kan gado, kibiya ce ta soke rigar manomi ta liƙe shi da katifa. A gaban madubi, mafici ne yake fifita bakin rijiya. Wurare biyar, lambobi ashirin. In na taga ya ɓace, na gado yana nan inda kika bar shi, kuma kin san takamaimai lambobi huɗun da suka ɓace.

Lambar atom ba ta buƙatar wurare ma, tunda ba jere ake tambayarki ba. Ki haɗa sinadarin da hotonsa kai tsaye. Ƙarfe 26, inji ne na ƙarfe. Azurfa 47, riga ce ta azurfa mai nauyi a kafaɗa. Zinariya 79, kibiyar zinariya. Darma 82, hannu ne na darma da ya gagara ɗagawa. Aidin 53, laima ce da aidin ya ɓata. Yuraniyom 92, ɓauna ce mai ƙyalli a duhu. Ki tsaya daƙiƙa biyu ko uku kan kowane hoto ki gan shi sosai, da nauyinsa da ƙararsa. Faɗin kalmomin biyu a baki ba tare da ganin komai ba shi ne kuskuren da na fi gani a wurin masu farawa.

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a gefe ɗaya, tunda sinadarai nake koyarwa.

Malama, kin ce lambobin atom ba su da inda za ki kama su. Suna da shi. Layukan jadawalin sinadarai suna ɗaukar 2, 8, 8, 18, 18, 32, 32, kuma kowane layi yana ƙarewa da sinadarin da ke rukunin iskar da ba ta son haɗuwa da kowa: 2, 10, 18, 36, 54, 86, 118. Wanda ya riƙe waɗannan bakwai, ya san rukunin da sinadari yake, zai ƙirgo lambarsa. Aidin yana dab da ƙarshen layi na biyar, wato 54 a cire ɗaya. Jan ƙarfe, azurfa da zinariya rukuninsu ɗaya: 29, a ƙara 18 a samu 47, a ƙara 32 a samu 79. Wannan sanin shi ne zai gaya miki yadda sinadarin zai yi in ya haɗu da wani, abin da laima da kibiya ba za su taɓa gaya miki ba.

Ban ce ki bar hotunan ba. Ga sinadaran tsakiyar jadawali da layuka biyun nan na ƙasa, inda ƙirge yake cin lokaci a ɗakin jarrabawa, suna da amfani sosai, haka ga shekaru da lambobi irin 299,792,458 na gudun haske a mita cikin daƙiƙa. Abin da nake tsoro shi ne ɗalibi ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce gaba ɗaya take ƙaruwa. Akwai binciken da Ericsson, Chase da Faloon suka buga a 1980 daga Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka. Wani ɗalibi ya tashi daga riƙe lambobi 7 zuwa 79 bayan sama da awa 230 na horo. Ɗan tsere ne, sai ya riƙa mayar da lambobin zuwa lokutan gudu da ya sani. Da aka gwada shi da baƙaƙe maimakon lambobi, ya koma wajen shida. Dabara ce ta aiki ɗaya, kuma ta yi wannan aikin da kyau. A ba ta abin da ba shi da dalili, abin da ke da dalili a neme shi da fahimta.

Uwar Biyu ta amsa:

'Yar'uwa, ni tsarin mutane nake amfani da shi, don haka bari in gaya miki yadda yake kafin ki yanke shawara.

Na Dominic O'Brien ne, Baturen Ingila da ya lashe gasar hadda ta duniya sau takwas, gasar da Tony Buzan da Raymond Keene suka fara a Landan a 1991. Kowace lamba tana da harafi: 1 A, 2 B, 3 C, 4 D, 5 E, 6 S, 7 G, 8 H, 9 N, 0 O. Lambobi biyu su zama farkon sunan mutum da na mahaifinsa, kuma kowane mutum yana da aikin da aka san shi da shi. In lambobi huɗu ne, mutumin farko ne yake yin aikin na biyu. Masu gasa da yawa suna ƙara abu na uku, mutum da aiki da kaya, lambobi shida su shiga hoto ɗaya.

Daɗinsa, fuskar mutum tana zama a rai fiye da tulu ko lauje. Wahalarsa, neman mutum ɗari da kika sani da gaske, kowa da aikin da bai yi kama da na wani ba, kuma haruffan C, E da O ba su da yawa a farkon sunayen da na sani, sai da na yi ta cike su da ƙyar. Tunda kin riga kin yi nisa a naki, ban ga dalilin sauyawa ba. Duk wanda kika ɗauka horon katunan nan yana jiranki. Abin da za ki iya ara daga wurinmu shi ne ki ba kowane hotonki aiki: ɓauna tunkuyi, ɓera ɓarna da haƙori, allura suka. Haɗa hotuna biyu zai daina ɗaukar miki lokaci.

Mantuwar bayan kwana biyu kuma ba laifin tsarin ba ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna a Jamus cewa yawancin abin da za a manta a farko-farko yake zubewa, daga baya zubewar ta ragu. Hoto yana sa abu ya shiga da sauri, bita ce take sa ya zauna. Ni ina bin sabon abu a daren da na sa shi, da washegari, da bayan 'yan kwanaki, da bayan mako, daga nan tazarar ta yi ta faɗaɗa. Kuma bitar a rufe littafi ake yinta, ki bi wuraren a ranki ki rubuta lambobin, sannan ki buɗe ki duba. Sake karantawa yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali bai iya ba. In kina son abin da zai tsara miki ranakun, akwai manhajar Anki, ko akwatin katuna irin na Sebastian Leitner, inda katin da kika ci yake matsawa gaba, wanda kika faɗi ya dawo farko.

Ki kuma raba gidajenki. Wanda kika zuba abin da kike so ya daɗe, kar ki sake zuba wani abu a cikinsa. Na horo kuma ki samu uku ko huɗu kina juyawa, don in kika maimaita gida ɗaya a jere, hotunan jiya za su tsaya miki a wuraren suna rikita na yau. In kuma za ki ajiye lambar sirri ta wannan hanya, ki tuna duk wanda ya san jadawalinki zai iya warware kalmar.

Almajirin Ilimi ya tambaya:

Malam Mai Lissafi, Allah ya ƙara basira. Wannan ba shi ne hisabin abjadi ba, inda alif take 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa 1000? Mawaƙan Larabci sun daɗe suna ɓoye shekara a cikin kalma da shi. Me zai hana wanda ya riga ya san shi ya yi amfani da abinsa?

Malam Mai Lissafi ya amsa:

Amin, Malam. Dangi ne, amma aikinsu ya bambanta. A abjadi tarawa ake yi: kowane harafi da ƙimarsa, a haɗa su a samu jimla. Kaf 20 da waw 6 sun ba da 26, in ka juya su ma 26 ne, haka ya da ya da waw. Wannan ya dace da shekara ɗaya a ƙarshen waƙa, inda mai karatu ke da lokacin zama ya tara. Ga lamba mai tsawo, ko wadda ta fara da sifili, ba zai ɗauka ba, don abjadi ba shi da sifili kuma jeren haruffa ba ya nuna jeren lambobi. Sannan daga 60 zuwa sama lissafin Gabas da na Magrib sun saɓa a wasu haruffa, sin ce 60 a Gabas, sad ce a Magrib. Wanda ya fi kama da namu shi ne katapayadi na kudancin Indiya, inda kowane baƙi yake tsayawa a madadin lamba ɗaya daga 0 zuwa 9, masana taurari suka riƙa zuba jadawalinsu cikin baitoci da shi. Amma wanda abjadi ya zauna masa, ba laifi ya riƙe shekaru da shi.

Ɗalibar Kimiyya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ba h lamba 8 kuma layin ya cika, saura 80 da 86. Malam Tsohon Ɗalibi, na rubuta 2, 10, 18, 36, 54, 86, 118 a bangon littafina, kuma na ga yadda aidin ya faɗo da kansa.

Tambaya biyu suka rage. Baƙi mai ruɓi kamar nn a hannu, ɗaya ne ko biyu? Kuma yaya zan yi da sinadarai daga 100 zuwa 118, tunda jadawalina a 99 ya tsaya?

Malam Mai Lissafi ya amsa:

Ɗaya ne, shi ya sa hannu ya zama 82, allura 54. Wasu suna lissafa shi biyu tunda a Hausa ana jin ruɓin a baki, kuma hakan ma yana aiki, sai dai ki tsaya kan doka ɗaya a duk jadawalin. Haka kw, gw da ky duk 7 ne kawai, kwano 72. Ga 80 gwada fuska ko hazo, fuska ta fi, don ana ganinta sosai. Ga 86 akwai hoton hanci da zai zo miki a rai, ki kiyaye shi, h da n ne, 82 ke nan. Ki ɗauki fushi in za ki iya ba shi fuskar wani takamaiman mutum, in ba haka ba ficika ko haja.

Na sama da 99 guda 19 ne kacal, ba su kai a gina jadawalin lambobi uku saboda su ba. Ben Pridmore da ire-irensa masu gasa suna da hoto dubu ko fiye, amma wannan aikin watanni ne kuma jarrabawarki ba ta buƙatarsa. Ki ware ɗaki ɗaya ki ce duk abin da ke cikinsa a ƙara masa 100, sai ki yi amfani da hotunanki na 00 zuwa 18. Tsutsa 00 ce, a wannan ɗakin ta zama 100. Zaki 07 ya zama 107, tuta 11 ta zama 111, doki ya zama 117. Yawancin waɗannan sinadaran sunayen mutane da wurare aka sa musu, 101 na Mendeleev ne, 102 na Nobel, 104 na Rutherford, 112 na Copernicus, don haka ki nemi hoton fuskar kowannensu ki gani sau ɗaya, ki tsayar da shi a wurinsa a ɗakin tare da dabbarsa ko kayansa.